Ni Ce Na Kwashe Waken, Ba Jikana Ba

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Matar ɗana ce take rubuta wannan, ni kuma ina faɗa ina share hawaye. Ta ce in daina kukan tukuna don ta ji abin da nake cewa, na ce mata in dai sai na daina kuka za a rubuta, to gara a mayar da takardar inda aka ɗauko ta. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da fita takaba ba. Tun ina yarinya aka kai ni ɗakin mijina Malam a Furfuri, can wajen Bungudu, a nan muka haihu, a nan muka tsufa, har ranar da Allah ya karɓi abinsa. Da ya rasu sai ɗana ya ɗauko ni ya dawo da ni Gusau, ya ba ni ɗaki a gidan da yake haya a Sabon Gari. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba, Malam kaɗai na rasa. In an kawo mini tuwo in tuna yadda yake son ƙanzo, sai kuka. In an kira sallah in tuna tarin da yake yi kafin ya fita masallaci, sai kuka. Har yaran gidan suka saba, in sun ji shiru daga ɗakina sai su leƙo su ga ko lafiya.

A cikin jikokin nan akwai babbansu, ɗan shekara goma sha uku a lokacin, wanda aka sa wa sunan Malam. Ba na iya faɗin sunan, don haka Maigida nake ce masa, iyayensa kuma su ce masa Baba. Ba sunan kawai ya ɗauko ba. Tafiyarsa ta Malam ce, yadda yake sosa ƙeya in zai roƙi abu ta Malam ce, har yadda yake ajiyar zuciya. Kun san wasan jika da kaka. Yana dawowa daga makaranta sai ya faɗo ɗakina ya ce ina uwargida, me aka ajiye wa miji. Ni kuma in ce ya fita ya ba ni wuri, ban taɓa ganin mijin da ba ya kawo ko gishiri ba sai shi. Ya ce ai haƙuri yake yi da ni, don duk unguwar ba mai son matar da haƙoranta suka zube. A duk yini wannan ne lokacin da nake dariya.

Da ya shiga sakandare sai iyayensa suka zauna suka yi shawara. Uban yana sayar da takalma a kasuwa, uwar kuma tana koyarwa a firamare, ga yara huɗu, ga haya, ga tsadar da kowa ya sani. Suka ce maimakon a riƙa ba shi kuɗin tara kullum da safe, za a ba shi na mako guda a dunƙule ranar Lahadi, ya koyi riƙewa. In ya kai shi Juma'a, ya ji daɗi. In ya cinye tun da wuri, to ya ci ɗumame ya ƙoshi kafin ya fita, ba za a ƙara masa ko sisi ba. A gabana aka yi maganar, har na sa albarka, na ce haka Malam ya yi wa nasa 'ya'yan.

Makon farko kuɗin bai ga safiyar Laraba ba. Ya shigo ɗakina ba wasa ba tsokana, ya zauna bakin gado ya yi ajiyar zuciya. Na tambaye shi, ya ce ba komai. Na sake tambaya, ya sosa ƙeya ya ce wai in an fita tara abokansa suna cin awara, shi kuma sai ya zagaya bayan aji ya zauna yana ƙirga ganyen darbejiya. Jama'a, ni ba yaro na gani ba, Malam na gani zaune bayan aji da yunwa. Na kwance haɓar zanina na ba shi kuɗin goron da ubansa yake ba ni. Sannan na yi abin da ya fi kuɗin muni. Na ce ya yi mini alkawari ba zai faɗa wa kowa ba, ko da wuƙa aka sa masa a wuya, don sirrin miji da mata ne. Ya yi dariya ya ce ya ɗauka.

Mako na biyu ma haka, na uku ma haka, sai dai kullum ajiyar zuciyar tana ƙara zuwa da wuri, har ta dawo ranar Litinin. Kuɗin goro ya kasa. Na daina cin goron gaba ɗaya, na ce wa mutanen gida yana hana ni barci, duk da haka bai isa ba. A nan ne idona ya faɗa kan buhunan wake.

Gonar Malam ta Furfuri wani ɗan'uwansa ne yake noma ta, in kaka ta yi ya aiko mana da rabonmu. A wannan shekarar buhu biyu na wake aka kawo. Ɗana ya riga ya tsara yadda za a yi da su. Ɗaya za a ajiye don azumi, ƙosai da alala da abin sadaka. Ɗaya kuma sai wake ya yi tsada a sayar, a biya kuɗin makarantar yaran. Aka jingine su a ɗakina, don ni ce na iya haɗa wake da busasshen barkono yadda ƙwari ba za su taɓa shi ba. Surukata har tana cewa ai tunda a ɗakin Inna suke, ko ɓera ba zai yi ƙarfin halin shiga ba. Allah sarki, ba ta san ɓerar tana kan gado tana jan carbi ba.

Muna da maƙwabciya mai tuyar ƙosai, gajeriyar katanga ce tsakaninmu. Wata safiya bayan kowa ya fita, na ɗebi tiya ɗaya na miƙa mata ta kan katangar, na ce daga rabona na gado ne. Ba ta tambaye ni komai ba, don farashin da na faɗa mata ko mahaukaci ba zai tsaya tambaya ba. Na ce a raina tiya ɗaya a cikin buhu biyu wa zai gane. Tiya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama duk lokacin da Maigida ya sosa ƙeya. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne a wurin matar nan muke sayen ƙosan karin kumallo. Wata rana ɗana yana ci sai ya tsaya ya ce kai, matar nan ta samu wake mai kyau kwanan nan, wallahi kamar na gonar Baba. Ya ƙara wa ƙaramar 'yarsa kuɗi ya ce ta je ta ƙaro kafin ya ƙare. Ni kuwa koko ya sarƙe ni, na yi ta tari, suna ta yi mini sannu.

Da tafiya ta yi tafiya sai buhunan suka fara durƙusawa kamar masu ciwon gwiwa. Na rasa yadda zan yi, sai dabara ta zo mini, irin wadda Shaiɗan yake kawo wa mutum da gudu. In gida ya yi shiru sai in juye ragowar waken a babban daro, in cusa tsummoki a gindin buhun, in mayar da waken a kai, in ɗaure baki. Buhu ya miƙe tsaye kamar ba a taɓa shi ba. Da tsummoki suka ƙare na shiga tsofaffin zannuwana. Da suka ƙare na sa bargona. Ƙarshe dai har matashin kaina ya shiga. Na koma kwana kai a ƙasa, wuyana ya sanƙare, ga ciwon baya saboda jan buhu. Ɗana ya yi ta sayo mini man zafi da ƙwayoyi daga kyamis, yana cewa kewar Baba ce ta sauka a jikina. Surukata ta tambaye ni ina matashin, na ce na neme shi na rasa. Baiwar Allah ta birkice gidan nan kaf tana nema, har ƙarƙashin murhu, ina tsaye ina taya ta.

Ni a zatona duk wannan wahalar don kada yaro ya zauna da yunwa ne. Sai daga baya na ji inda waken Furfuri ya tafi. Ashe a makaranta Alhaji ake ce masa. In an fita tara yara ne ke binsa a baya kamar ɗan takara, ya saya wa wannan awara, ya saya wa wancan fanke, mai awarar har benci take ajiye masa. Ga gidan kallon ƙwallo, shi ke biya wa duk wanda ya ce masa ranka ya daɗe. Ga kuma tattabaru da ya saya ya ajiye a gidan wani abokinsa. Da an buɗe musu sai su tashi su koma gidan wanda ya sayar, shi kuma Alhaji ya sake zuwa ya saya. An ce akwai wata farar tattabara da ya yi ta saya har ta gane shi.

Ana saura kaɗan azumi sai hedimasta ya aika a kira uban. Ya ce masa ba laifi yaron ya yi ba, amma malamai sun fara tambayar wane kamfani ubansa yake da shi, don abin da yake kashewa a tara ya fi abin da su suke kashewa a yini. Ɗana ya dawo gida ransa a ɓace, ya tsayar da yaron a tsakar gida ya ce ya faɗa masa inda yake samun kuɗi. Ina zaune bakin ƙofata. Yaron ya ɗago ya dube ni, ni kuma na sunkuya na duƙufa kan carbina kamar yau na fara ganinsa. Uban ya tambaya, ya sake tambaya, uwar ta roƙe shi, bai ce uffan ba.

Kwana biyu bayan nan ɗana ya zo da ɗan dako don a kai buhu ɗaya kasuwa. Mutumin ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla, ya yunƙura da ƙarfin ɗaukar cikakken buhu, sai ga shi ya tafi da baya ya zauna daɓas, buhun a kan cikinsa. Ya dubi ɗana ya ce Alhaji, wannan waken na wace ƙasa ne, ko auduga aka shuka. Aka kwance baki. Waken bai kai tsawon hannu ba aka fara zaro zannuwa. Aka zaro bargo. Aka buɗe na biyu, sai ga matashina. Surukata ta rungume matashin nan ta fashe da kuka, tana cewa ashe har abin da Inna take sa kai yaron nan bai bari ba, ga tsohuwa tana ta fama da wuya ta yi shiru don ta rufa masa asiri. Ni ma na fashe da kuka. Suka ɗauka baƙin cikin abin da aka yi mini ne, suka hau ba ni haƙuri. Duk sanda na ƙara sautin kukan sai uban ya ƙara harar yaron.

Za ku ce me ya hana ni magana. Kunya ce, ba wani abu ba. Ni ce mai yi wa surukata faɗa in ta zubar da ruwan wanke shinkafa. Ni ce mai tara jikoki ina gaya musu hannun da ya ɗauki abin wani wuta zai shiga. In buɗe baki a gaban ɗana da matarsa da ɗan dako in ce ni ce? Na buɗe bakin, wallahi na buɗe, amma abin da ya fito shi ne a yi masa a hankali, yaro ne.

Ɗana ya ɗaga hannu zai mare shi, sai ya sauke. Ba zai iya dukan mai sunan mahaifinsa ba, ba zai iya zaginsa ba, kuma ya ce ba zai iya ci gaba da kallonsa ba. Ya yanke cewa za a cire shi daga makaranta a kai shi Tsafe, wurin wani ɗan'uwanmu mai walda, mutumin da ko 'ya'yansa ba sa dariya a gabansa. Uwar ta yi ta roƙo, ya ce ya gama magana. A kwanakin da ake haɗa masa kaya na kasa cin abinci. Ana gobe tafiya, bayan la'asar, yaron ya shigo ɗakina ya same ni ina kuka. Na ɗauka zai ce in je in faɗi gaskiya, har ina fatan ya ce. Sai ya ce uwargida ta kwantar da hankalinta, Tsafe ba nisa, kuma shi ba zai zama irin mazan da suke tona asirin matansu ba. Ya yi dariya, amma idonsa ja.

Da safe na ce sai na raka su tasha. Ɗana ya ce in zauna saboda wuyana, na ce ko a kan gadon asibiti nake sai na je. Muka isa, aka biya kuɗin mota, aka sa ƙunshin kayansa a baya, ya shiga ya zauna gefen wata mata mai jaka. Sai na ji uban ya ja direba gefe yana yi masa kwatancen shagon waldan, ya ce ya damƙa shi hannu da hannu. Sannan ya rage murya ya ce kuma ya sa ido a kan kayan fasinja, don yaron yana da ɗan hali. Matar nan ta ji. Ta janye jakarta ta ɗora a cinya ta rungume, ta matsa jikin ƙofa. Yaron ya ga abin da ta yi, ya sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Na ce ni ce ɓarauniyar, jama'a ni ce, ku kama ni. Tasha ta ɗauka. Maza suka dafe aljihu, mata suka duba haɓar zani. Wani ɗan kamasho ya rugo ya ce Hajiya me kika sata, a nan tashar ko a waje. Na ce wake. Mai sayar da shinkafa da wake ta yi maza ta rufe tukunyarta. Na zauna a ƙasa cikin mutane na zayyana komai, tun daga kuɗin goro, da katanga, da ƙosan da ɗana ya yaba, har matashin kai, ina yi ina fyace hanci da mayafi. Sai direban ya sosa kai ya dubi ɗana ya ce to Alhaji, yanzu wa za a kai wurin mai waldan, yaron ko Inna, don shi kujera ɗaya aka biya masa. Tasha ta kece da dariya, har da matar mai jaka. Ɗana kaɗai bai yi ba. Ya buɗe ƙofar motar da kansa, ya kama hannun yaron ya fito da shi, ya sauke kayan. Kuɗin motar ma bai tsaya nema ba, su kuma 'yan kamasho ba su tuna masa ba.

A gida ya durƙusa gabana ya ce Inna, gonar mijinki ce, da kin ce kina so da buhu biyun na kawo miki har bakin gado. Ya ce ba waken ne ya ƙona masa rai ba, sai dai da bakinsa ya kira ɗansa ɓarawo a gaban baƙi. Ya juya ya nemi gafarar yaron, abin da ban taɓa ganin uba ya yi ba. Surukata kuwa ta shige ɗaki ta rufe, na ji wani sauti na ɗauka kuka take, na lallaɓa zan ba ta haƙuri, ashe dariya ce ta kwantar da ita a kan tabarma. Da ta samu numfashi ta ce abu ɗaya take son sani, yaya aka yi nake jan buhu ni kaɗai, alhali ko buta sai an ɗauko mini.

Dariya ta wuce, amma asarar ta zauna. Azumin nan da sayen wake a kasuwa muka yi shi, da tsada, kuma ba mu yi sadakar ƙosan da Malam ya saba yi ba. Kuɗin makaranta sai da surukata ta sayar da tunkiyar da take kiwo don sallah. Abokan Alhaji suka watse ranar da awara ta tsaya, ko ɗaya bai rage ba. Shi kuma aka koma da shi farko, kuɗin mako ranar Lahadi, ya ƙare ranar Talata, don duk watannin da ya kamata ya koyi riƙewa ni na cinye masa su. Sannu a hankali ya fara kaiwa Laraba, ya fara kaiwa Alhamis. Yanzu in ya shigo da fuskar Malam yana sosa ƙeya, sai in juya in fuskanci bango in yi kukana, in ce akwai ɗumame a tukunya. In na samu abin da zan ba shi, a tsakar gida nake ba shi, uwarsa tana gani.

Ina kira ga 'yan'uwana kakanni, musamman waɗanda aka sa wa jikokinsu sunan wanda suka rasa. In iyaye sun yanka wa yaro abin da zai kashe, sun duba aljihunsu ne suka yanka, kuma da niyya suka bar shi ya ji ƙarewar. Kada ku bi ta baya ku cike. In kuma kun kasa daurewa, to ku bayar a fili, kada ku ɗora wa yaro alkawarin ɓoye wa uwa da uba abu. Ni na ɗora wa nawa, ya riƙe fiye da yadda na riƙe amanar da aka ba ni, ya kusa barin makaranta da gidan ubansa a kai.

Dalilin da ya sa na nace a rubuta wannan shi ne maganar satar ta riga ta fita kafin gaskiya ta fita. Ta zaga unguwa, ta je Tsafe, ta je Furfuri. Na bi gida gida ina cewa ni ce, wasu suka yarda, wasu suka ce kaka ce kawai take rufa wa jikanta asiri. Har yau akwai matar da in ya shiga gidanta aika sai ta ɗauke wayarta daga kan tabarma. Ban faɗi sunan kowa ba, amma waɗanda suka san labarin za su gane. To duk wanda ya taɓa jin an ce wani yaro a Sabon Gari ya kwashe waken ubansa, ya ji daga bakina yau. Yaron nan bai taɓa ɗaukar ko ƙwaya ɗaya ba. Kakarsa ce, ga ta nan da ranta, wanda yake da abin faɗa ya zo ya same ta.